Yadda mawaƙan Hausa suka fara shiga akwatin talabijin

Kafin shekarar 1962, duk wanda ya ce ya ga makaɗin Hausa yana waƙa, to ƙafarsa ce ta kai shi inda ake yin ta: ƙofar fada, ko gonar gayya, ko fagen dambe, ko gidan biki. Rediyo da faifan garmaho sun riga sun kai muryoyin mawaƙa garuruwa masu nisa, amma fuskar mawaƙi da takunsa da yadda yake sarrafa 'yan amshinsa da ido, waɗannan sai wanda ya halarta. Talabijin ce ta mayar da waƙar baka abin kallo ga mutanen da ba su taɓa haɗuwa da mai ita ba. Ta ɗaukaka wasu mawaƙa, ta sauya tsawon waƙa da abin da ake iya faɗa a cikinta, ta kuma bar waɗansu a baya saboda nisan garuruwansu da gidajen watsa shiri.

Zuwan talabijin Arewa

Gidan talabijin na farko a Nijeriya an buɗe shi ne a Ibadan ranar 31 ga Oktoba, 1959, a ƙarƙashin gwamnatin Jihar Yamma. Jihar Gabas ta buɗe nata a Inugu a 1960. Arewa ta biyo baya a watan Maris na 1962, lokacin da gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta kafa kamfanin watsa labarai na BCNN tare da haɗin gwiwar kamfanonin Ingila biyu, Granada da EMI. Wannan kamfani ne ya haifi gidan rediyo da talabijin na Kaduna, wanda aka sani da RKTV. Rediyonsa yana kaiwa ko'ina a Arewa har da ƙasashen maƙwabta, amma hoton talabijin ɗinsa a shekarun farko bai wuce kewayen Kaduna da Zariya da Kano ba. Hoton baƙi da fari ne, shirye-shiryen kuma na 'yan sa'o'in yamma ne zuwa dare. Masu akwatin ba su da yawa: manyan ma'aikatan gwamnati, da attajirai, da Turawa, da kulob-kulob.

Bayan an raba ƙasar zuwa jihohi 12 a 1967, kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya bai wa sababbin gwamnatoci damar gina nasu gidajen. Jihar Binuwai da Filato ta buɗe nata a Jos a 1974, shi ne kuma ya fara watsa hoto mai launi a Nijeriya a 1975. A tsakiyar shekarun nan ne Sakkwato da Kano su ma suka samu tashoshinsu. Daga nan gwamnatin soja ta tattara dukkan gidajen a ƙarƙashin hukuma ɗaya ta Doka ta 24 ta 1977, wadda ta kafa Hukumar Talabijin ta Nijeriya, wato NTA. Muhimmancin wannan ga mawaƙa shi ne an samu hanyar da shirin da aka ɗauka a Kaduna ko Jos ko Sakkwato zai iya fitowa a sauran tashoshin ƙasar. Tsarin mulkin 1979 ya mayar wa jihohi ikon mallakar talabijin, shi ya sa gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa CTV a Kano, wanda yanzu ake kira ARTV.

Ƙofofin da mawaƙi ke shiga ta cikinsu

Sabon gidan talabijin yana buƙatar abin da zai cika lokacinsa, fina-finan da ake sayowa daga Ingila da Amurka kuma suna da tsada. Makaɗin gargajiya kuwa yana zuwa da kayan kiɗansa da mutanensa da waƙoƙinsa a ka, ba ya buƙatar rubutu ko dogon gwaji. Wannan ya sa kiɗan gargajiya ya zama ɗaya daga cikin ginshiƙan shirye-shiryen gida tun daga farko.

Ƙofa ta farko ita ce shirin kiɗa zalla, inda ake ba mawaƙi ɗaya da jama'arsa fili su yi waƙoƙi biyu ko uku. Ta biyu ita ce shirin nishaɗi mai haɗa abubuwa da yawa, inda ake jera kiɗa da rawa da barkwanci da ɗan gajeren wasan kwaikwayo a zama ɗaya, sau da yawa a gaban 'yan kallo da aka gayyato. Ta uku ita ce hira, inda mai gabatarwa ke zaunar da mawaƙi ya tambaye shi asalinsa, da ko gadon kiɗa ya yi ko haye, da wanda ya koya masa, da iyayen gidansa, da dalilin wata waƙa. Ta huɗu ita ce ɗaukar taro a waje, kamar hawan salla, da naɗin sarauta, da bikin kamun kifi na Argungu, da bikin al'adun baƙar fata na duniya na FESTAC da aka yi a Legas daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu, 1977, wanda aka gudanar da babban hawan dabansa a Kaduna.

Akwai kuma waƙoƙin wayar da kai. Gwamnatocin wancan zamani sun riƙa neman mawaƙa su isar da saƙonsu: haɗin kan ƙasa lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da komawa tuƙi ta hannun dama a 1972, da canjin kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo a 1973, da shirin ilimin firamare kyauta da na ciyar da ƙasa a 1976, da yaƙi da rashin ɗa'a a 1984. Waƙar da ta dace da irin wannan saƙo takan samu maimaici fiye da kowace, mai ita kuma fuskarsa ta zauna a idon jama'a.

Sharuɗɗan ɗakin shiri

Waƙar fada ko ta biki ba ta san agogo ba. Makaɗi yana iya riƙe gindin waƙa ɗaya tsawon sa'a guda, yana ƙara ɗiya gwargwadon waɗanda suka shigo da kyautar da ta fito. A talabijin kuwa shirin rabin sa'a rabin sa'a ne, akwai mai ɗaga hannu ya ce a fara, akwai mai ɗaga hannu ya ce a tsaya. Dole mawaƙi ya koyi zaɓen ɗiyan da suka fi ƙarfi, ya kuma san inda zai sauke waƙa ba tare da ta zama guntuwa ba.

Sharaɗi na biyu shi ne tsayuwa. A fage makaɗa kan kewaye ubangidansu ko su bi shi a baya, fuskarsu na gare shi. A ɗakin shiri sai aka jera su sahu suna fuskantar kyamara, jagora a gaban makirfo, 'yan amshi da makaɗa a bayansa, ƙarƙashin fitilu masu zafi. Ubangidan da ake wa waƙa ba ya wurin, masu liƙi ma ba sa nan. Sanƙira, wanda aikinsa shi ne sanar da kyauta da kambama mai bayarwa, sai ya zama mai ƙawata waƙa kawai. Sutura ita ma ta samu sabon matsayi, domin an fara ganin ƙungiya cikin tufafi iri ɗaya, jagora kuma cikin babbar riga da ta bambanta shi.

Na uku shi ne harshe. Zambo da habaici gishirin waƙar fada ne, da su makaɗi ke ɗaga ubangidansa ta hanyar rage abokan hamayyarsa. Amma gidan talabijin na gwamnati ne, wanda ake yi wa zambon kuma yana iya kasancewa basarake ko babban ma'aikaci da ke kallon shirin a falonsa. Haka batsa da ke gudana a wasu waƙoƙin dandali ba ta da wuri a shirin da iyali ke kallo tare. Saboda haka siffar waƙar da ta shiga talabijin sau da yawa ta fi ta fage tsabta da ladabi, wani lokaci kuma ta fi ta rashin yaji.

Na huɗu shi ne lada. Gidan watsa shiri yana biyan ƙayyadadden kuɗi ne, wanda ba ya kama ƙafar doki ko riga ko mota ko kujerar Makka da makaɗi ke iya samu daga ubangida. Ribar tana zuwa daga baya. Wanda aka gani a akwati shi ake aika wa goron gayyata zuwa bikin attajiri, shi masu faifai da kaset ke nema, shi kuma gwamnati ke sakawa cikin tawagar da za ta wakilci ƙasa a waje.

Waɗanda allon ya karɓa

Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923 ya rasu a 1999, ya shiga talabijin da sunansa a hannu, domin rediyo da faifai sun riga sun yi masa aiki. Abin da hoto ya ƙara shi ne ya nuna wa jama'a yadda yake ƙirƙirar waƙa nan take, da yadda masu kalangunsa ke bin muryarsa, da natsuwar da yake yi a gaban makirfo kamar wanda ba ya wani aiki mai wuya. Hotunan bidiyonsa da ke yawo yau a YouTube da Facebook da yawansu daga ɗakunan shirin gidajen talabijin suka fito.

Ɗan Maraya Jos, mai suna Adamu Wayya, an haife shi a Bukur a 1946, ya rasu a 2015. Shi ne wanda tsarinsa ya fi dacewa da ƙaramin allo: mutum ɗaya, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, babu 'yan amshi, waƙoƙinsa gajeru ne masu ɗauke da labari. Jigoginsa na talakawa ne, kamar karen mota, da zaman aure, da auren dole, da gulma, da halin ɗan Adam. Irin wannan waƙa ba ta buƙatar a san wani basarake kafin a ji daɗinta, saboda haka ta ratsa har gidajen da ba Hausa ce harshensu na farko ba. Zamansa a Jos, garin da talabijin mai launi ta fara, ya sa yana kusa da ɗakin shiri fiye da yawancin takwarorinsa.

Mata ma sun samu ƙofa. Kiɗan amada, wanda ake yi da ƙwarya, asalinsa na cikin gida ne, mata ke yi wa mata a lokacin biki ko suna. Da rediyo da talabijin suka ɗauki irin su Hajiya Uwaliya Mai Amada ta Kano da Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, sai maza suka ga abin da a da sai dai su jiyo ta bayan katanga.

A ɓangaren kiɗan zamani, sunan da ya fi alaƙa da shirin nishaɗi shi ne Bala Miller, ɗan wani limamin kirista daga Zariya, wanda aka haifa a Pankshin a 1928 ya rasu a 2003. Ya kafa babbar ƙungiyar makaɗa mai ƙaho da jita da ganguna a Kaduna, yana rera waƙa da Hausa a kan kiɗan hailaif, waƙarsa ta Ikon Allah kuma ta shahara ƙwarai. A shekarun 1980 ya samu shiri mai ɗauke da sunansa a NTA, wanda ake nunawa a faɗin ƙasa. Da wannan mawaƙin Arewa ya tashi daga matsayin baƙon da ake gayyata ya koma mai masauki da ke gayyatar wasu. Kusa da shi akwai Bongos Ikwue, ɗan Otukpo da ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, mai sanyin murya da jita. Waƙarsa ce ke buɗe wasan kwaikwayon nan na Turanci kan rayuwar manoma, Cock Crow at Dawn, wanda NTA ta shirya a yankin Jos daga 1980.

Ƙasar Gwandu da Kabi

Tsohon lardin Sakkwato, wanda ya haɗa da Zamfara da Kabi, shi ne matattarar manyan makaɗan fada masu kotso da taushi. Amma da yawa daga cikin gwanayensa zamaninsu ya ƙare kafin kyamara ta iso yankin. Ibrahim Narambaɗa ya rasu a farkon shekarun 1960, Aliyu Ɗandawo a 1966, Salihu Jankiɗi a 1973. Abin da jama'a suka gada daga gare su shi ne muryar da aka naɗa. Waɗanda suka rayu har zamanin tashar Sakkwato su ne suka samu rabon hoto, kamar Alhaji Musa Ɗanƙwairo da ya rasu a 1991, da Sani Aliyu Ɗandawo na Yawuri da ya ɗora kan gadon mahaifinsa. Wanda ya kalli bidiyon Ɗanƙwairo zai ga abin da kunne kaɗai ba ya kamawa sosai: yadda 'yan amshinsa ke karɓe ɗan waƙa daga bakinsa su ƙarasa shi, su yi ƙari, kowa ya san inda zai shiga.

Garuruwan masarautar Gwandu irin su Masama da Kalgo da Gwandu kanta suna cikin Jihar Arewa maso Yamma har zuwa 1976, sannan Jihar Sakkwato har zuwa 27 ga Agusta, 1991, ranar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi. A duk tsawon wannan lokaci, tashar da ke kusa da su ita ce ta Sakkwato, mai nisan kusan kilomita 150 daga Birnin Kebbi. Mutanen karkara sun riga sun saba da majigi, motar silima da gwamnati ke turawa ƙauyuka tun zamanin Turawa, ana kafa farin allo a fili bayan magariba. Talabijin ta gaji wannan ɗabi'a ta kallo a taro. Inda babu wutar lantarki, akwati ɗaya da ke aiki da batirin mota ko janareta, da dogon sandan eriya, ya isa ya tara unguwa guda a ƙofar gidan mai hali ko a gidan kallon da hukuma ta tanada.

Tashar Sakkwato ta yi wa yankin wani aiki na harshe. Ta hanyar waƙoƙin makaɗanta da wasanninta, irin su Idon Matambayi, mutanen Kano da Kaduna suka saba da jin Hausar yamma, wadda ake cewa shina maimakon yana, hwara maimakon fara. Sai dai zaɓen wanda zai fito yana hannun ma'aikatan birni. Makaɗin sarki ko wanda ya riga ya yi suna a rediyo shi ke kan gaba. Mai gangar noma da ke zuga matasa a gayya, da makaɗin kokawa ko na 'yan tauri a ƙauye, sai a lokacin gasar al'adu ko bikin Argungu suke samun 'yan mintoci. Akwai kuma waɗanda jigon waƙarsu ne ya tsare musu ƙofa. Muhammadu Gambu na Fagada a ƙasar Kebbi, wanda aka sani da mai waƙar ɓarayi, kaset ne ya fi yaɗa sunansa, domin irin waƙoƙinsa ba su ne gidan gwamnati ke alfahari da nunawa ba. Bayan 1991 Birnin Kebbi ta samu gidan talabijin na jiha da kuma tashar NTA, amma a lokacin kaset ɗin bidiyo ya riga ya shiga gidaje, fina-finan Hausa na Kano kuma sun fara janye idon matasa.

Yadda abin yake a wasu ƙasashe

Wannan hanya ta shahara ba ta keɓanta ga ƙasar Hausa ba. A Amurka, shirin nishaɗi na Ed Sullivan da ya gudana daga 1948 zuwa 1971 shi ne ya shigar da Elvis Presley miliyoyin gidaje a 1956. Mawaƙin karkara Johnny Cash ya samu shirinsa a tashar ABC daga 1969 zuwa 1971, ana ɗaukarsa a birnin Nashville, yana gayyatar matasan da ke haɗa kiɗan karkara da na zamani. Cikin baƙinsa na shekarar farko akwai Linda Ronstadt, wadda sai a 1974 ta kai ƙololuwar shahara. Bambancin shi ne can kamfanonin faifai ne ke tura mawaƙi talabijin don ya sayar da sabon faifansa, a Arewa kuwa gwamnati ce mai gidan, mawaƙin kuma yana dogara ne da iyayen gida da bukukuwa. Abin da ya haɗa su shi ne fitowa ɗaya a allo tana iya yin aikin da yawon shekara guda bai yi ba.

Abin da ya rage a ma'ajiya

Shirye-shiryen farko da yawa kai tsaye ake watsa su, suna ƙarewa sun tafi. Da na'urar naɗar hoto ta zo, zaren yana da tsada, saboda haka gidajen talabijin a duniya, har da BBC, sun riƙa goge tsohon shiri su naɗi sabo a kansa. An yi amfani da manyan faya-fayan zare masu faɗin inci biyu, sannan kaset ɗin U-matic da kamfanin Sony ya fitar a 1971, sannan Betacam daga 1982. Duk waɗannan zare ne mai maganaɗisu, wanda zafi da laima da ƙurar hunturu ke lalatawa: yana manne wa juna, yana yin fumfuna, launinsa yana dusashewa. Na'urorin da ke karanta su kuma an daina ƙera su. Ma'ana, ko kaset ɗin da ya tsira yana da wa'adi, idan ba a juye shi zuwa kwamfuta ba.

Akwai cibiyoyin da irin wannan aiki ya shafa: ma'ajiyar fina-finai da sauti ta ƙasa da ke Jos, da Gidan Arewa da ke Kaduna, da hukumar tarihi da al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da sassan nazarin Hausa na jami'o'i, da ɗakunan ajiya na tashoshin kansu. Hukumar UNESCO ta ware 27 ga Oktoba ta kowace shekara don tunawa da kayan tarihi na sauti da hoto. Hirarrakin da aka yi da mawaƙa sun fi komai cancantar a fara da su, domin a cikinsu ne ake jin tarihin makaɗi daga bakinsa.

Batun haƙƙi ma yana nan. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda ta maye gurbin ta 1988, ta tanadi kariya ga mai waƙa da mai wasa da gidan da ya watsa shiri, ta kuma shafi abin da ake ɗorawa a intanet. Tsofaffin bidiyoyin da ake kallo a wayoyi yau suna kawo wa masu ɗora su kuɗin talla, alhali iyalan mawaƙan da 'yan amshinsu suna raye a garuruwansu. Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya gaji akwatin tsofaffin kasakasai a gida, musamman waɗanda aka naɗa daga talabijin a shekarun 1980, yana iya kasancewa riƙe da kwafin da tashar kanta ta riga ta goge. Abin da ya kamata shi ne ya ajiye su a tsaye, a wuri mai sanyi marar laima, nesa da lasifika da duk abin da ke da maganaɗisu, ya rubuta sunan mawaƙin da shekarar da aka naɗa a jikin kowanne, sannan ya nemi mai na'urar da zai juye su kafin zaren ya ƙi juyawa.